Kada ka taɓa gonar fadama sai na zo

Ƙanena,

Ina gaishe ka da Inna da yara, da fatan kun shiga kaka lafiya. Saƙonka ya iso mini nan Damagaram, kuma hankalina ya tashi ƙwarai.

Ka ce masu bin marigayi Baba bashi sun tasa ka gaba don kai ne namijin da ke gida. Bashin mamaci yana kan abin da ya bari ne. Bayan hidimar jana'iza shi ake fara fitarwa, kafin wasiyya, kafin rabon gado. In dukiyar ta ƙare bashi bai ƙare ba, ba a tilasta wa ɗa ya biya daga aljihunsa, sai in ya tsaya lamuni. Duk da haka ina so mu sauke wa Baba nauyin nan, zan riƙa aiko da abin da ya sawwaƙa kowane ƙarshen wata.

Naka bashin ya fi damuna. Buhu biyu na hatsi ka karɓa da bazara, yanzu ana neman huɗu. Malamai sun hana wannan, hukuma ma ta hana: a 2014 ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma suka ƙayyade cewa ruwan da asusun ba da rance ko wani mutum zai ɗora kada ya wuce kashi 24 cikin 100 a shekara. Wanda ya ba ka hatsin kuwa ya ninka maka cikin wata huɗu.

Ka tambaya ko mutum na iya zuwa kotu ya ce ya karye a yafe masa, kamar yadda ake yi a Amurka. Abin da muke da shi a Nijar dokar OHADA ce, wadda aka gyara a 2015. An yi ta ne don 'yan kasuwa da masu sana'a, har da manoma, ba don bashin cefane da magani ba, kuma sau da yawa ƙarshenta a sayar da kayan mutum a raba wa masu binsa. Addini ya fi ta tausayinka: wanda aka tabbatar ba ya da shi, jiransa ake yi har ya samu, kuma yana cikin mutum takwas da zakka ta halatta gare su. Kada kunya ta hana ka gaya wa liman.

Jinginar da gonar fadama don biyan bashin ita nake tsoro. Kai ma ka san ƙarancin ƙasar noma a yankin Kance. Wanda ya karɓi jingina shi zai yi ta nomawa yana cin amfani, kai kana ƙwadago a gonar wani, to da me za ka fanshe ta? Shekaru su ja, shaidu su rasu, 'ya'yansa su ce saye ubansu ya yi. In ta zama dole, tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin filaye da ke ba da takardar jingina. A rubuta kuɗin, a rubuta iyaka, maigari ya sa hannu.

Inna ta faɗa mini maiɗakinka na zancen Aljeriya. Ka tuna mata da watan Oktoba na 2013, da aka tsinci gawa 92 a sahara kusa da iyaka, yawancinsu mata da yaran yankinmu. Kuɗin motar ma rance ake ci, kuma tun ƙarshen 2014 ake kwaso mutanenmu ana maido su gida, da yawa hannu rabbana, bashi na jiransu. Gara ta shiga asusun Mata Masu Dubara, irin wanda aka fara a yankin Maraɗi a 1991, ta samu jarin ƙuli-ƙuli.

Ka roƙi maigari ya sa mana rana, a tara duk masu bin bashi wuri ɗaya, a rubuta na kowa gaban shaidu. Zan sauka Matameye ranar kasuwa in ƙaraso. Kafin nan kada ka dangwala yatsa a kowace takarda.

Ka gaida Inna, ka ce ta sa mu a addu'a.

Naka,
Yayanka