Haƙori Ɗaya Tak

Ƙarar ta fara ne tun cikin hunturu. Duk lokacin da na karya sitiyari zan shiga lungunmu a Aboabo, sai in ji ƙas-ƙas-ƙas daga ƙarƙashin tayar gaba ta hagu, kamar ana taunar aya. Da na miƙe hanya sai ta yi shiru, ni ma in yi shiru. Damina ta zo ƙarar ta ƙaru, har yaran unguwa suka soma gane zuwana tun kafin su hango motar. Duk wanda ya yi mini magana sai in ce masa, ana maneji.

Ranar wata Laraba da dare aka bugo waya daga Tamale cewa jikin Kawu ya yi tsanani, kuma yana ta kiran sunan ƙanwarsa. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, shi da mahaifiyata. Mma ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta ɗaure kayanta a zane, ta ajiye a bakin ƙofa, ta dube ni. Ciwon ƙafarta ba zai bar ta ta yi zaman motar haya ba, ni kuwa na san tsakanin Kumasi da Tamale tafiya ce ta kusan kilomita 400. A daren nan na gane cewa manejina ya zo ƙarshe.

Ga wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba, ga yadda abin yake. A mota mai ja da tayoyin gaba, irin wadda akasarinmu muke hawa, ƙarfin inji yana fitowa daga akwatin giya ya bi ta sandunan ƙarfe biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, ya isa ga tayoyi. Su ne makanikai ke kira shaf. Wahalar aikinsu ita ce tayar gaba ba ta zama wuri ɗaya: tana juyawa, tana karkata idan an sha kwana, tana hawa da sauka a kan ramuka, kuma dole ƙarfin ya riƙa isa gare ta ba tare da fizga ba. Shi ya sa kowane shaf yake da gaɓa biyu. Ta waje, wadda ke kusa da taya, tana ɗauke da ƙwallayen ƙarfe, galibi shida, a cikin wani keji. Wani injiniyan kamfanin Ford mai suna Alfred Rzeppa ne ya ƙirƙiro tsarinta a shekarun 1920. Ta ciki, wadda ke shiga akwatin giya, tana zamewa gaba da baya don shaf ya miƙe ko ya taƙure yayin da taya ke tsalle. Kowace gaɓa an cika ta da giris, an rufe ta da wata roba mai lanƙwasa-lanƙwasa. Muddin robar nan tana lafiya, gaɓar za ta yi shekaru tana aiki. Ranar da ta yage kuwa, giris ya watse, ƙurar hunturu da taɓon damina su shiga su riƙa cin ƙarfen. Ƙas-ƙas ɗin da nake ji kukan ƙwallayen da suka cinye mazauninsu ne. Da na canza robar tun ranar da ta yage, da abin bai kai ga haka ba.

Da sassafe ranar Alhamis na nufi Magazin. Duk mutumin Kumasi ya san Suame Magazin, wannan gari na ƙarfe da walda da baƙin mai, wanda ya gaji sunansa daga ma'ajiyar makamai ta zamanin Turawa da masu sana'ar farko suka taru a kusa da ita. A can ne garejin wani dattijo yake, aminin marigayi mahaifina. Yaransa suna kiransa Masta, ni kuwa Baba nake ce masa tun ina ɗan makarantar allo. Don in rage lokaci, kuma gaskiya don in rage kuɗi, ban tsaya na tambaye shi ba. Na biya ta wani shago na faɗi sunan motata da shekararta, mai shago ya jawo wani shaf daga cikin tsibi, ɗaya daga cikin tsofaffin kayan da ake shigowa da su daga waje, ya rantse mini cewa iri ɗaya ne. Na biya, na rungumo shi kamar jariri.

Baba ya saurari labarin Kawu, ya yi addu'a, ya ce da babban yaronsa ya bar abin da yake yi ya kama aikina. Yaron ya iya hannunsa. Tun mota tana ƙasa ya sassauta babban notin da ke tsakiyar taya, domin idan an ɗaga ta taya za ta riƙa juyawa ne kawai. Ya sa jak, ya tokare motar, ya cire taya, ya kwance mahaɗin ƙasa, ya janye cibiyar taya gefe har kan shaf ya fito. Sannan ya kwanta ya sa ƙarfe ya ɓanɓare gaɓar ciki daga akwatin giya, man giya ya ɗan tsiyayo cikin kwanon da ya tara. Kafin hantsi tsohon shaf yana kwance a ƙasa, robarsa a yage, cikinsa fal jar ƙasa. Na duba agogo na ce a raina, kafin azahar mun wuce Techiman.

Sabon ya ƙi shiga. Bakinsa ya leƙa ramin ya tsaya cak. Yaron ya juya shi, ya sake turawa, ya ƙi. Sai ya miƙa hannu ya ɗauko guduma da guntun katako.

Baba yana can gefe yana gyaran birkin wata motar, bai ma ɗago kai ba. Ya ce, "Ajiye."

Na ce, "Baba, ai zoben nan ne yake riƙe shi. A ɗan buga masa kawai."

Ya ce, "Ka ƙirga?"

Ban gane tambayar ba. Ya taso yana goge hannu da tsumma, ya sa aka shimfiɗa kwali, aka kwantar da tsohon da sabon kafaɗa da kafaɗa. A ido babu bambanci. Ya ɗauko alli ya yi alama a kan ɗaya daga cikin ƙananan haƙoran da ke zagaye da bakin tsohon, ya bi su da farce yana ƙirgawa a hankali kamar mai jan carbi. Ya koma kan sabon. Ya maimaita sau biyu, sannan ya miƙo mini allin ya ce in ƙirga da kaina. Sabon ya ɗara tsohon da haƙori ɗaya tak.

Ya ce, "Kama da wane ba ta wane. Motocin da ake saukewa a Tema daga ƙasashe dabam-dabam suke. Suna ɗaya, shekara ɗaya, amma wannan don Amurka aka ƙera ta, waccan don Turai. Wannan otomatik ce, waccan mai giyar hannu. Sunan mota ba ya sayen shaf, ɗana. Tsohon shi ne shaida, shi za ka ɗauka ka tafi da shi kasuwa. Da yaron nan ya buga, da haƙoran cikin akwatin giya za mu farfasa, yau da gobe da jibi kana nan."

Na koma shagon da shaf biyu a hannu. Mai shago ya juya tsibinsa bai sami irinsa ba, bayan doguwar magana ya mayar mini da kuɗina. Daga nan na shiga zagaye, shago bayan shago, da alli a aljihu. Baba ya lissafa mini abubuwa huɗu da zan duba: haƙoran ciki, haƙoran waje, tsawon sandar idan an taƙure ta, domin na hagu ya fi na dama gajarta tunda akwatin giya a gefe yake, sai kuma zoben nan mai haƙora da na'urar birkin ABS ke karantawa. Wani ya dace a uku ya saɓa a ɗaya. Wani mai shagon ya ce in saya za a ɗan goge shi da injin wasa ƙarfe. Ana cikin haka Mma ta kira sau biyu. Ba ta tambayi komai game da mota ba, cewa kawai take yi, "Ka ci abinci?" Na san ba abinci take nufi ba.

Sai bayan la'asar na sami wanda ya cika sharuɗɗan huɗu. Wannan karon ya zame cikin ramin sumul, yaron ya fito yana murmushi ya ce ya shiga. Na riga na buɗe baki zan ce a mayar da taya, sai Baba ya durƙusa da kansa, da tsufansa, ya haska tocila. Ya kira ni in gani. Tsakanin gaɓar da akwatin giya akwai wani siririn ƙarfe mai ƙyalli da ya rage a waje, faɗinsa bai kai rabin yatsa ba.

A nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Baba, don Allah! Wannan ɗan abin? Ai tafiya ma za ta ƙarasa shigar da shi."

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Wa za ka ɗauka a motar nan?"

Na yi shiru.

Ya ce, "A bakin shaf akwai ɗan zoben waya. Sai ya matse ya wuce, ya buɗe a cikin gurbinsa, sannan shaf ya kullu. Idan bai kullu ba, za ka fita Kumasi lafiya, ka wuce Kintampo lafiya. Wani rami zai fizge shi, man giya ya zube, ka taka totur inji ya yi ta ihu mota ba ta motsi. Kana so ka tsaya da matar aminina a dajin Buipe da tsakar dare?"

Ya sa aka zare shi. Ya duba robar da ke tare mai a bakin ramin ko an ji mata ciwo, ya ga lafiyarta lau. Ya shafa ɗan giris a kan zoben don ya zauna a tsakiya, ya juya bakinsa ya kalli ƙasa. Ya daidaita haƙoran a hankali, ya miƙe sandar sak, sannan ya yi mata turi ɗaya mai ƙarfi. Ƙas! Duk muka ji. Ya kama jikin gaɓar ciki ya ja, ba sandar ba, don jan sandar yana iya raba gaɓar gida biyu. Ko gezau. Siririn ƙarfen nan ya ɓace.

Sauran aikin bai ɗauki lokaci ba. Aka zura kan shaf cikin cibiyar taya, aka ɗaure mahaɗin ƙasa, aka sa sabon noti aka matse shi daidai awonsa, aka lotsa leɓensa cikin tsagi don kada ya warware. Aka cika man giya. Baba ya sa na karya sitiyari har ƙarshe na yi ta zagaye a fili, hagu da dama, yana tsaye ya karkata kunne. Babu ƙas, babu ƙus. Lokacin ana kiran magariba. Ya hana ni kama hanya da dare, ya ce in tafi bayan asuba.

Ban yi barci ba a daren nan. Ina kwance ina jin Mma tana ta nafila, ina tambayar kaina: idan waya ta buga yanzu aka ce Kawu ya cika, zan iya sake kallon Baba da idon da nake kallonsa? Na daɗe kafin in yarda cewa ba shi ya ci mana yinin nan ba. Ni na ci shi, tun cikin hunturu, ranar da na ji ƙarar farko na ce ana maneji.

Ba na zagin maneji. Da shi iyayenmu suka riƙe gidaje a zango, da shi aka biya kuɗin makarantarmu, kuma Magazin kanta da shi take rayuwa, inda ake tayar da motar da masu ƙera ta suka daɗe da mantawa da ita. Baba da kansa na sha ganin ya yanka tsohuwar taya ya yi abin da babu shi a kasuwa. Amma a ranar na fahimci cewa gwanintarsa tana wajen sanin inda maneji yake tsayawa. Ƙin shiga iri biyu na gani a yini ɗaya, kuma a idona duk ɗaya ne. Na farko yana cewa ba gurbina ba ne, na biyu yana cewa saura kaɗan. Na so a buga wanda bai kamata a taɓa ba, na so a ƙyale wanda yake bukatar turi. Shi ya bambance su, da alli da tocila.

Mun tashi bayan asuba. Muka wuce Techiman da Kintampo, muka haye gadar Buipe, muka haye ta Yapei. A wani wuri kafin Buipe na faɗa wani rami da ban gani ba, motar ta yi tsalle, gabana ya faɗi. Ta ci gaba da tafiyarta. Mma ta ce, "A hankali dai."

Mun tarar da Kawu da ransa. Ya buɗe ido ya gane ta, ta zauna a gefen tabarmarsa ta ce, "Yaya, ga ni." Kwana tara suka yi tare kafin Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Da na dawo na je yi wa Baba godiya, sai shi ya riga ni da ta'aziyya. Bai ambaci shaf ba, ni ma ban ambata ba. Yanzu kowace Juma'a, kafin in sa fararen kaya, nakan karya sitiyari har ƙarshe in durƙusa in leƙa bayan tayoyin gaba, in duba robobin nan ko sun tsage. Maƙwabta suna yi mini dariya, ni kuwa ina barinsu su yi.