Le Havre, birnin da Auguste Perret ya tayar daga toka

Daga tashar Saint-Lazare ta Paris, tafiyar awa biyu da ɗoriya ce a jirgin ƙasa kafin a sauka Le Havre, inda kogin Seine yake zuba cikin teku. Ƴan kasuwa sun san sunan garin a kan takardun kaya, domin tashar jiragen ruwansa tana cikin mafi girma a Faransa. To amma gani ya kori ji. Baƙon da ya taka tsakiyar birnin zai daɗe yana neman tsohon gida. Tituna miƙe suke sambal kamar da igiya aka ja su, benaye kuwa na kankare ne.

Yaƙi ne ya jawo haka. Ran 5 da 6 ga watan Satumba na 1944, jiragen saman Ingila suka yi wa garin ruwan bama-bamai domin korar sojojin Jamus. Da ƙura ta lafa, mutum wajen 80.000 ba su da makwanci. A 1945 gwamnati ta danƙa sake ginin tsakiyar birnin ga wani dattijo mai shekara 71, Auguste Perret.

An haifi Perret a 1874 kusa da Bruxelles, inda mahaifinsa, wanda magini ne, ya yi gudun hijira bayan tawayen Paris na 1871. Ya karanci zanen gini a Paris, amma ya bar makaranta bai karɓi takardar shaida ba, ya koma kamfanin gidansu, inda ya yi aiki tare da ƙannensa Gustave da Claude. Saboda haka ya san sana'ar tun daga alƙalami har cokalin magini. A zamanin, kankare kayan gada da ɗakin ajiya ne. In ya shiga gidan mutunci sai a lulluɓe shi da dutse. Perret bai yarda da wannan kunya ba. Majami'ar da ya gama a Le Raincy a 1923 kankare ce tsirara. A ofishinsa ne kuma Le Corbusier ya yi koyon aiki a 1908.

A Le Havre ya kafa ma'auni guda: metir 6,24 tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi. Ta haka katakon zubi ɗaya yake aiki a gini da yawa, kuɗi ya ragu, aiki ya yi sauri. Tsofaffin filaye kuwa aka haɗe su, masu su suka samu gidaje a cikin benaye gwargwadon asararsu. Na shiga gidan da aka keɓe don baƙi, an shirya shi da kayan shekarun 1950: taga doguwa daga daɓe har kusan rufi, da madafa, da makewayi mai ruwan famfo. Iyalai da yawa a nan suka fara samun irin wannan.

Daga ko'ina ana hango hasumiyar majami'ar Saint-Joseph, mai tsawon metir 107, wadda aka gina domin tunawa da waɗanda suka mutu. Cikinta fanko ne har ƙololuwa, haske yana shigowa ta gilasai masu launi fiye da 12.000, aikin Marguerite Huré. Perret bai ga kammaluwarta ba. Ya rasu a Fabrairun 1954, almajiransa suka ƙarasa.

Shekaru da dama mutanen garin suna kewar tsohon birninsu, suna cewa sabon ba shi da rai. Sai a 2005 UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya.

Kafin in koma tasha na dafa wani ginshiƙi a titin Foch. Iskar teku mai gishiri ta yi shekara kusan 70 tana dukansa, yana nan tsaye. Ya kai mai karatu, in kai ne mai sa hannu a kwangila, ko mai sayar da buhun, ka riƙe wannan: kankare ba ya rufa wa kowa asiri. Simintin da aka rage ranar kwaɓi, bango ne zai ba da labarinsa ga jikoki.