Mai Hoton Azuba Da Saƙon Kan Dutse

Duk wanda ya tashi daga Lafiya ya nufi Akwanga, in ya wuce Shabu zai ratsa garin Azuba, daga nan kuwa ba da jimawa ba duwatsun Eggon za su fara tasowa a gabansa. A bakin wannan hanya akwai wani saurayi mai ɗan shagon ɗaukar hoto, wanda abincinsa ya dogara ga hotunan fasfo da na biki da na 'yan makaranta. Shekara da shekaru yana hangen duwatsun nan, amma bai taɓa auna su da kyamara ba, domin a ganinsa dutse ba ya biyan kuɗin hoto.

Shi kuwa mahaifinsa a can bisa aka haife shi, a zamanin da Eggon da yawa su ke zaune a kan tudu, suna noma a gonakin da su ka tokare da jerin duwatsu don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Yana yaro iyayensa su ka sauko fili kamar yadda sauran jama'a su ka yi ta yi. Yanzu gwiwa ta ƙi, gani kuma yana ja da baya. Ran nan da dare sai tsohon ya ce, "Ɗana, kullum kana ɗaukar fuskokin mutane. Ba ka hau ka ɗauko mini kufanmu in gani, tun idon nan bai ƙarasa rufewa ba?"

Saurayin ya amsa da to. Amma da ya kwanta sai zuciya ta fara yi masa saƙa. Dama ya daɗe yana burin zuwa gandun Gashaka-Gumti da ke Jihohin Taraba da Adamawa, wanda aka mai da shi gandun ƙasa a 1991, inda dutsen Chappal Waddi ya ke, watau mafi tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419. Ya ga a wannan tafiya zai gwada hannunsa. Kafin gari ya waye ya cika takarda da sunayen kaya: gilashi mai jawo nesa na milimita 70 zuwa 300, da sabuwar fitilar kyamara, da babbar jaka, har da ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama. Da ya haɗa lissafi, ya ga ba abin da zai biya kuɗin sai ya sayar da babur ɗinsa, alhali da babur ɗin ya ke zuwa gidajen biki.

Allah ya taimake shi, kafin ya kira dillali sai ya tafi Lafiya wurin maigidansa da ya koya masa sana'a, dattijon da ya fara aiki tun zamanin fim da ɗaki mai duhu. Dattijon ya karanta takardar, ya ajiye, ya ce, "Yaro, wa zai ɗaukar maka kayan nan?" Ya ce, "Ni mana, maigida." Dattijon ya ce, "To, ka sani litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, kuma ba ka hawa da ƙasa da lita 3. Ka fara da wannan, sa'an nan ka ga abin da ya rage a bayanka. Kuma me aka aike ka ɗaukowa? Tsuntsu ne a kan reshe, ko kuwa kufai?"

Nan fa jiki ya yi sanyi. Su ka zauna su ka tankaɗe takardar. Kyamararsa ta shago ta isa, tare da gilashinta na milimita 18 zuwa 55, domin a 18 yana kwaso faɗin kwari da sararin sama, a 55 kuma yana ware abu guda. Fitila ba ta haska dutse, sai a bar ta a gida. Abin da dattijon ya nace a kai guda huɗu ne: sandar kyamara mai ƙafa uku, da batir biyu cikakku tun da ba lantarki a bisa, da katin ajiya biyu don kada a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya, da ɗan gilashin nan da a ke ɗaurawa a bakin kyamara mai kashe ƙyallin ruwa da ganye, mai ƙara wa sama duhu. Ya ara masa sandar da gilashin, ya ƙara masa da leda da tsumma mai laushi. Babur ya tsira.

Maganar dattijon tana da tushe a tarihin sana'ar. A 1927 mashahurin mai hoton nan na Amurka, Ansel Adams, ya hau duwatsun gandun Yosemite, ya isa gaban dutsen Half Dome da faranti biyu kacal na ɗaukar hoto. Ya ɗauki na farko da matacin haske rawaya, ya ga ba zai ba shi abin da ke ransa ba, sai ya sa ja a na ƙarshe. Wannan hoto na ƙarshe shi ne ya fito da sunansa.

Saura lokaci da wuri. Daga ƙarshen Nuwamba hazon hunturu da hayaƙin ƙunar daji kan shafe duwatsu, su zama kamar inuwa. A tsakiyar damina kuwa gansakuka kan sa dutse santsi, ƙoramu kuma su cika. Saboda haka su ka tsai da watan Oktoba, sa'ad da ruwa ya wanke sararin sama, ciyawa na nan kore, hanya ta fara bushewa. Wurare kuma biyu ya zaɓa: mafaɗar ruwa ta Farin Ruwa a Ƙaramar Hukumar Wamba, don ya sami hotunan da zai sayar ya mai da kuɗin tafiya, sa'an nan kufan mahaifinsa.

Ya fara da Farin Ruwa, ya bi ta Akwanga zuwa Wamba, ya ƙarasa da ƙafa. Ruwan yana gangarowa ne daga tsaunukan Filato, a na kuma ƙiyasta tsawon faɗuwarsa da mita 150, watau ya ɗara na mafaɗar Victoria da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, mai mita 108. Zumuɗi ya sa ya matsa kusa da rana tsaka. Feshi ya lulluɓe gilashi, hasken rana ya ƙone farin ruwan, hotuna su ka fito fari fat. Sai ya ja da baya, ya goge kayansa, ya jira har rana ta karkata. Ya kafa sanda, ya ɗaura gilashin maigida, ya bar idon kyamara a buɗe na wajen rabin daƙiƙa, sai ga ruwa ya fito kamar zaren auduga. Ba don sandar ba, da rawar hannu ta ɓata kome.

Bayan kwana biyu ya nufi kufai. Bai hau kai tsaye ba, sai da ya gai da mai unguwar da ke gindin dutsen, ya faɗi sunan gidansu. Aka haɗa shi da wani manomi ɗan jagora, aka kuma gargaɗe shi cewa akwai wuraren da dattawa ba su yarda a ɗauka ba. Ya kiyaye. Su ka tashi da asuba, domin rana kan fito jim kaɗan bayan ƙarfe 6, hasken wannan sa'a kuwa shi ke fito da tsagar dutse da inuwarsa. Ya ɗauki kwari da gajimare da filin da ya miƙe har wajen Lafiya. Za su sauko ke nan, ɗan jagora ya nuna masa wani falalen dutse mai ramuka uku, inda mata kan yi niƙa a da, kusa da ragowar katangar gona. Ya ɗauka sau ɗaya, don kada ya ƙi ta mutumin.

Da ya dawo ya wanke hotunan manya-manya saboda raunin idon tsohon. Ya miƙa masa na kwari da na fitowar rana. Tsohon ya duba, ya ce, "Da kyau, amma wannan ai dutsen kowa ne." Ya yi ta turewa har ya zo kan na falalen. Nan ya yi shiru, ya kai shi kusa da fuska, ya ɗora yatsa a kan ramin tsakiya, ya ce, "Wannan na uwata ne. A nan na ke zama in jira ta gama." Daga nan ya shiga lissafo gidaje da sunayen masu su, yana nuna inda kowanne ya ke a bayan katangar. Saurayin ya jawo takardar nan ta jerin kaya, ya juya bayanta, ya riƙa rubutawa.

Hotunan Farin Ruwa sun sami masu saye, sun mai da kuɗin mai da na jagora. Na falalen kuwa yana rataye a ɗakin tsohon, daidai inda hasken taga ke faɗawa da safe. Saurayin ya mayar wa maigidansa sanda da gilashi, ya kuma roƙi a sake ara masa su in Oktoba ta zagayo, domin cikin gidajen da tsohon ya lissafa akwai guda huɗu da bai ɗauko ba tukuna.