Hoto Ma Amana Ne

Ya kai ɗan'uwa, ga labarin kuskurena, ko Allah zai tsare ka daga irinsa.

Da kwamitin masallacinmu ya damƙa mini kula da shafinsa na intanet, sai na ga hoton dutsen Dogon Dutsi a Facebook. Na ɗauke shi, na yanke sunan da ke ƙasansa, na sa a shafin. Bayan sallar Juma'a wani matashi ɗan Tibiri ya tare ni cikin ladabi, ya ce: "Malam, ni na ɗauki hoton nan, kuma da sana'ar nake ciyar da mahaifiyata."

Kunya ta lulluɓe ni. Ni da nake karantar da ɗalibai yadda Bukhari da Muslim suke jingina hadisi ga wanda suka karɓa daga gare shi, ni ne na shafe sunan mai haƙƙi da hannuna! Na roƙi gafararsa, na mayar da sunansa, na biya shi.

Kafin ka sa hoto, nemi mai shi, ka karɓi izininsa, ka rubuta sunansa. Hidimar masallaci ba ta halatta cin haƙƙin wani. Allah ya yafe mana baki ɗaya.