Abin da Kula da Rafi Ya Koya Mini

Na jima cikin masu aikin sa-kai da ke kula da wani rafi mai zuba cikin Gulbin Zamfara, da hanyar ƙafa da ke gangarawa mashayarsa daga bayan gari. Kayan aikinmu shebur ne da adda da baro, ladanmu kuma furar da iyayenmu mata ke aiko mana.

1. Gayya tana tara jama'a, amma ba ta riƙe gaɓa. Ranar da aka yi shela kowa yakan fito, a tsince leda, a cike kwazazzabo da buhunan yashi, a watse da murna. Ruwan farko mai ƙarfi sai ya kwashe buhunan. Abin da ya tsaya shi ne jemar da wani dattijo ya dasa a bakin rafin, yana ba ta ruwa da rani shi kaɗai. Saiwarta ta nutse ta kama ƙasa. Tun daga nan muka koma dashen jema da giyayya, muka raba wa kowa yankin da zai riƙa dubawa.

2. Kifi ma yana da hanyarsa. A Amurka da Kanada mutane na tsaron rafuka saboda kifin salmon, mai barin teku ya komo inda aka ƙyanƙyashe shi. Mu tarwada gare mu. Da gulbi ya kawo, sai ta hau rafuka ta shiga fadamu ta zuba ƙwai. A daidai lokacin ne wasu ke datse bakin rafi da taru mai ƙananan ido, wasu ma su zuba maganin ƙwari su tsince har 'ya'yan kifi. Mun yi magana, aka ce mu yara ne. Sai da Sarkin Ruwa ya sa baki aka janye tarun. Ko Argungu ba ta riƙe martabar bikinta na kamun kifi ba sai don ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada har ranar da aka buɗe ruwa.

3. Ruwa garai-garai yana iya zama ɗauke da ajali. Wannan darasin da hawaye yankinmu ya koye shi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Sunke da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. A lokacin, dutsen zinariya mai ɗauke da dalma ake kaiwa cikin gida, a daka, a niƙa a injin niƙa, a wanke a tafki ko bakin rafi. Ƙurar ta zauna a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe, laka kuma ta kwanta a ƙasan ruwa. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun yi jinyar dubban yara, an kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa, Bagega kuwa sai 2013 aikin ya kai gare ta. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta wari, ba a ganinta. Mu da muke murnar tsince leda, sai muka gane rabin aikinmu yana can sama, wurin masu wanke dutse. Ba mu je da zagi ba, domin talauci ne ya kai su ramin haƙar zinariya. Roƙonmu shi ne: «Don Allah ku nisanta wanki da mashaya, ku canza tufafi kafin ku ɗauki yara.» Wasu sun ji.

4. Mashaya ta kowa ce. Wani lokaci an kawo shawarar a shinge gaɓar da ƙaya saboda shanu na tattake dashe. Da an yi, da an toshe burtali, a yankin da rikicin manoma da makiyaya ya riga ya ci rayuka. Muka zauna da Arɗo a gaban Maigari, aka ware wa dabbobi mashigi a ƙasa, mata masu ɗiban ruwa a sama.

Ambaliyar da ta auka wa Gummi a watan Agusta na 2024 ta nuna iyakar ƙarfin shebur, rashin tsaro kuma ya hana mu kaiwa sassan rafin da ke cikin daji. Yanzu iyakarmu daga mashaya zuwa mashigin shanu, kuma bana da rani za mu ƙara layi biyu na jema a gaɓar gabas.