Zabuwa Mai Tsayin Bishiya



Mu mutanen Kazaure da Roni a tsakanin duwatsu muka taso, don haka tsiron da ke rayuwa a kan fako ba baƙonmu ba ne. Amma yau duk tsiro mai kauri da ƙaya da ka nuna wa yaro, sai ya ce maka alobera ne, ko da kuwa ƙerana ce. Suna ɗaya ya haɗiye sunaye da yawa, kuma abin ya wuce asarar kalma, domin kuskuren yana iya cin ido.

Iyayenmu zabuwa suke kiran ta dajinmu, saboda ɗigo-ɗigon fari da ke jikin ganyenta, irin na gashin zabo. Wasu kuma su ce kabar giwa. Ba ta da kara, a ƙasa take zaune. Da rani ganyenta yakan bushe har ka ɗauka ta mutu, ruwan farko na sauka sai ta tofo.

Tana da 'yan uwa da suka miƙe suka zama bishiya. A Afirka ta Kudu akwai wadda tsayinta ke kaiwa mita 18. A Namibiya kuma akwai wadda ake kira bishiyar kwari, domin 'yan ƙabilar San sukan rarake rassanta su zuba kibau. A shekarar 2013 masana tsirrai suka ware irin waɗannan, suka ba su sunan Aloidendron. Alamarsu gangar jiki guda, rassa masu rabuwa biyu-biyu, da tarin ganye a ƙarshen kowane reshe.

To, yaya muke rarrabewa idan mun tsaya gaban mai sayar da furanni? Ganye muke yanka. Dangin zabuwa ruwan ɗorawa mai ɗaci suke fitarwa, cikinsu kuma da yauƙi garai-garai. Ƙerana da tinya da aguwa kuwa farin ƙaro suke zubarwa kamar nono. Wannan ƙaron yana ƙona fata, idan ya shiga ido yana iya makantarwa. Duk gidan da ake shafa wa yara alobera a ƙuna ko ƙuraje, wajibi ne a san wannan bambanci.

Wajen reno, abin da muka lura shi ne ƙishirwa ba ta cika kashe ta ba, gata ne ke kashe ta. Mukan samu tukunyar ƙasa mai huji a gindi, mu haɗa yashin rafi da tsakuwa da ɗan busasshen taki. Idan reshe muka yanko, sai ya yi mako guda a inuwa bakin yankan ya bushe kafin mu dasa. Ba ma ƙara ruwa sai mun tura yatsa mun ji ƙasa ta bushe ƙayau. Watan Agusta ne lokacin fargaba: ruwa ya kwanta a gindi kwana biyu, saiwa ta ruɓe. Shi ya sa da damina muke ɗora tukunyar a kan bulo, ƙarƙashin rumfa. Wanda ke Baɓura, inda ƙasa jigawa ce mai tsotse ruwa, ya fi mu sauƙi. A zafin Afrilu kuma ƙaramar shuka tana son hantsi, ba ta son ranar azahar.

Sai haƙuri, domin mai kara ba ta gaggawa. Ganyen ƙasa yana bushewa ɗaya bayan ɗaya, kara yana bayyana a hankali, shekara da shekaru. Mai yiwuwa wanda ya dasa ba shi zai ga cikar tsayinta ba, kamar dai mai dasa kuka.

Ku da kuke Gwiwa da ƙauyukan Roni, wane suna tsofaffinku suke kiran waɗannan tsirrai? Ku tambaye su tun suna nan, ku rubuto mana yadda suka faɗa.