Gabasmu da Gabas ta Turawa

A darasin labarin ƙasa an koya mana East ita ce gabas, muka rubuta, muka wuce. Amma mu 'yan Sheshe muna ganin maganar ba ta ƙare nan ba.

Masana harsuna sun ce asalin East wata tsohuwar kalma ce mai nufin ketowar alfijir, kuma daga tushen nan ne Rumawa suka sami aurora, watau asuba. Ashe Bature da rana ya san gabas. Har ma a zamanin da masu zana taswira a ƙasashen Turai gabas suke ɗorawa a sama, kafin arewa ta ƙwace wurin. Daga baya suka riƙa auna duniya daga ƙofar gidansu, suka ce wannan Gabas ta Tsakiya, wancan Gabas Mai Nisa. Wani hafsan sojan ruwa na Amurka, Alfred Mahan, shi ya yayata na farkon a 1902. A nan ma an yi mana Lardunan Gabas a 1939, alhali kuwa ga mutumin Kano Inugu kudu take.

To, mu fa gabasmu ta fi fitowar rana nauyi. Ku dubi kalmar, gaba ce a cikinta: inda mutum ya sa gabansa. In an ce tsoho ya yi gabas, hajji ya tafi. In an ce yaro ba ya duban gabas, ai an gama ɓata shi, ba wanda zai ba shi 'ya. Mahauci ma sai ya juya rago gabas kāna ya sa wuƙa. Tarihin Kano ya lissafta Sheshe da Mandawari cikin Wangarawan da suka zo daga Mali zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, suka tsai da salla a birni. Abin sha'awa, mutanen yamma ne suka nuna mana gabas!

Ga inda fassarar ke da haɗari. East ta kamfas tana daidai da digiri 90 daga arewa, alƙiblar Kano kuwa wajen 68 ce, watau Makka ta karkata arewa da kimanin digiri 22. Ɗan makarantar da aka kai wani ƙauye, aka roƙe shi ya shata masallaci, in ya bi East ta littafi sak, sahun jama'a Habasha zai dosa. Ya daidaita kamfas, ya karkato hagu da 22, sa'an nan magini ya kafa turke.